Fedal Ja, Fedal Kore, da Likitan da Na Shirya Kora

Ku matso kusa, masu karatu, yau abin kunyata zan ba ku, kuma ba na son kowa ya rubuto min wai da ma ya hango. Babu wanda ya hango komai. Ni kaɗai na zauna a bakin gado na tsara dabarata, ni kaɗai na yaba wa kaina, ni kaɗai kuma na ga abin da ya biyo baya.

Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan, ni ce autar gidanmu, kuma da Auta ake kirana har a wurin aiki. A shagon tabarau nake, inda nake yini ina ɗora wa mutane gilashi a hanci ina tambayarsu, “Wannan ya fi, ko na ɗazu?” Shekaruna ashirin da takwas, wanda a wurin Goggo, yayar marigayi Babanmu, ya isa a fara zuwa yi min jaje. Ni da Mama muke zaune a hawa na biyu na wani gidan haya mai siririyar matakala. Sannan ina kaɗa jita mai lantarki. Wannan na ƙarshen shi ne Mama ke rage murya idan za ta faɗa, kamar wata cuta ce mai bin dangi.

Yayana ne ya koya min kafin aiki ya ɗauke shi zuwa wata ƙasa. Ya bar min jitarsa da amfilifayarsa, wani baƙin akwati mai nauyin buhun siminti, irin na da, wanda a bayansa akwai kwalaben gilashi masu yin ja kamar garwashi idan an kunna. Masu harkar suna ce musu tub. Irin wannan amfilifaya tana da halinta. Idan ka bar ta ƙasa-ƙasa sautinta tas yake fita, sai an ƙure mata ƙara sannan muryarta ta fara dushewa, ta yi wannan kaushin mai daɗi da kowa ke nema. To ni a ina zan ƙure ƙara? A ƙasanmu akwai mai jariri, a samanmu akwai tsoho mai hawan jini, a falo akwai Mama. Tun da na fara, raɗa-raɗa nake kiɗana kamar mai gulma.

Kwanakin baya wata ƙawata mawaƙiya ta samu damar ɗaukar waƙoƙinta a situdiyo, ta ce ni zan kaɗa mata jita. Karo na farko ke nan da za a ji ni a wajen gidanmu. Mijinta ya kai mu gwaji da motarsa, ya kuma rantse a bakin ƙofa cewa bayansa ba zai ƙara ɗaukar wannan akwatin ba. Mai situdiyon ya saurare ni ido a rufe, har na ɗauka daɗi ne ya kwashe shi. Da ya buɗe idon sai ya ce, “Hannunki yana da kyau, amma sautinki kamar ruwan famfo.”

Na ce to mu ƙure amfilifayar mana. Muka ƙure har gilashin ɗakin ya fara rawa, mai ganga ya toshe kunne, amfilifayar kuwa da ƙyar ta ɗan yi tari.

“Ki nemo fedal kafin ranar ɗauka,” ya ce. “In ba haka ba zan sa wani ya kaɗa wurin.”

Fedal ɗan akwatin ƙarfe ne kamar sandar sabulun wanki, ana jona shi tsakanin jita da amfilifaya, a taka shi da ƙafa ya canja sauti. Shago ɗaya na sani da ke sayar da su, can ɗaya gefen gari, kuma da na kira matar da ke da shagon cewa ta yi kada in zo ba tare da amfilifayata ba. Ke nan ina buƙatar mota da kuma bayan da bai riga ya rantse ba.

A nan Likita ya shigo, wato likitan haƙorin da ake so in aura.

Goggo ce ta je cire haƙori ta dawo mana da suruki. Bakinta cike da auduga ta yi masa tambayoyin da ta yi masa, ta gano ta san mahaifiyarsa tun suna ’yan mata, kafin allurar ta sake ta har an gama magana. Watanni ke nan yana zuwa gidanmu duk ƙarshen mako. Dogo ne, siriri, rigarsa kullum a goge kamar yanzu aka ciro ta daga leda. Kujera ɗaya yake zama, shayinsa babu sukari, maganarsa ƙasa-ƙasa. Tun ranar farko na sa a raina cewa idan na yi dariya haƙorana zai duba, don haka na daina dariya. Kullum da safe saƙonsa ɗaya ne: “Barka da safiya, Malama. Da fatan kin tashi lafiya.” Har da aya. Ni kuma in tura masa hoton babban yatsa.

Ku ce min mene ne laifinsa. Babu. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ni dai ba na son mijin da aka zaɓo min baki a wangale a kan kujerar asibiti. Ga shi Goggo ta gaya wa mahaifiyarsa cewa ni yarinya ce mai sanyin hali wadda ko tafiyarta ba a ji. Amfilifayar kuwa a lungun falo take zama, don ɗakina gado ma da ƙyar ya shiga, saboda haka duk ranar da zai zo sai Mama ta lulluɓe ta da farin ƙyallen tebur mai ado, ta ɗora mata kwalbar furannin roba. Sau da yawa a kanta yake ajiye kofin shayinsa, ni kuma ina kallon kofin zuciyata na tafasa.

Sai dabarar ta faɗo min. Zan sa shi ya kai ni shagon, in zaɓi fedal mafi muni a duniya, in kaɗa masa abin da zai sa ya gudu da ƙafarsa. Mama ba za ta ce na kore shi ba, Goggo ba za ta ce na raina ta ba. Har tafi na yi wa kaina.

Na rubuta masa: “Likita, za ka iya kai ni wani wuri gobe? Akwai kaya mai nauyi.”

Nan take ya amsa: “Zan iya, Malama. Da ma ni ma ina son mu yi wata magana.”

Na kalli saƙon na taɓe baki. Wata magana. Na san maganar. Na ce a raina, bawan Allah, bari ka ji ni tukuna.

Washegari na yi shiga ta musamman. Baƙar doguwar riga, jan jambaki wanda na saya tun bara na kasa shafawa, takalmi mai tsini da na aro a wurin ƙawata, sannan na ɗora tsohuwar rigar fatar Yaya a kai, a ranar da ko kare ya nemi inuwa. A madubi na ga mace mai haɗari. Da na fito falo Mama ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Sanyi kike ji?”

“Ado ne, Mama.”

“Cire wannan fatar, kin zama kamar mai gyaran babur.”

Kafin in amsa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Suka gaisa da Mama, ya rusuna kamar kullum, ita kuma sai fara’a take, wai yau yara za su fita shan iska. Ya juyo gare ni. Idonsa ya tsaya a kan rigar fatar na ɗan lokaci.

“Ina kayan, Malama?”

Na taka har lungun falo, na sauke furannin, na yaye ƙyallen kamar mai buɗe sabon gini. Na ji Mama ta ja numfashi a bayana.

“Rediyon yayanta ce,” ta yi saurin cewa. “Ta lalace. Gyara za a kai.”

“Amfilifaya ce,” na ce. “Tawa ce. Jita nake kaɗawa, mai ƙara.” Na shiga ɗaki na fito da jitar a jakarta na rataya a kafaɗa.

Hararar da Mama ta watsa min, da a ce wuƙa ce da yanzu ba ni nake muku rubutu ba. Shi kuwa ya durƙusa ya leƙa bayan akwatin.

“Waɗannan kwalaben suna fashewa?”

“Suna fashewa.”

“To a hankali za mu sauka.”

Shi ke nan abin da ya ce. Ya naɗe hannun riga, ya rungumi akwatin, ya sauka matakalar nan da baya-baya, jijiyar wuyansa ta miƙe amma ko nishi bai yi ba. A mota ya zaunar da ita a kujerar baya ya ɗaura mata bel. Ni da nake mutum sai da na tuna wa kaina in ɗaura nawa.

Shagon dogo ne kamar lungu, jitoci a rataye a bango hagu da dama, ganguna a can ƙurya, ko’ina wayoyi. A gaba akwai akwatin gilashi cike da fedal kala-kala kamar alewa. Mai shagon babbar mace ce mai furfura a gaban goshi, tabaranta na rataye a wuya da igiya, ƙafarsa ɗaya a karkace. Hannuna har ƙaiƙayi yake in gyara mata.

“Ke ce ta waya,” ta ce. “Kin kyauta da kika kawo ta. Fedal ba shi da murya shi kaɗai. Wanda ya yi daɗi a amfilifayar wani, a taki sai ya zama kukan akuya. Jona ta, ki bar kwalaben su ɗumama.”

Ta jawo wa Likita kujerar mai ganga, ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran layi.

“Wane irin kiɗa za ki yi?”

“Mai ƙara, Anti,” na ce, ina satar kallonsa. “Mafi ƙara. Wanda zai tayar da unguwa.”

Ta sa tabaran ta dube ni, ta dubi rigar fatar, ta dubi gumin da ke bin wuyana. Sannan ta ciro guda biyu ta ajiye a ƙasa, ɗaya kore, ɗaya ja mai hoton ƙoƙon kai.

“Gida biyu ne. Koren nan obadiraif ne. Shi tura amfilifayarki yake yi, ya matsa wa kwalaben har su yi kaushin da kansu, muryar tata ce dai za ki ji. Jan nan distoshan ne. Shi da kaushinsa yake zuwa daga gida, amfilifayar kawai faɗa masa take da ƙarfi. Ki fara da koren.”

“Jan nake so.”

“To ki bar maɓallansa a tsakiya, ki sauke amfilifayar ta yi tas tukuna.”

Wayarta ta yi ƙara, ta juya ta ɗauka. Ni kuwa na durƙusa na murɗe duk maɓallan jan nan har ƙarshe, na juya na ɗaga amfilifayar ita ma. Na miƙe, na gyara tsayuwa, na buɗe ƙafa kamar yadda nake gani a bidiyo, fuskata da jitar duk suna kallon sifika. Na yi wa Likita wani kallo na sai wata rana. Na taka.

Masu karatu, ban ma taɓa tsirkiya ba. Wani ihu ne ya fito daga akwatin nan, siriri, mai huda kunne, kamar an taka wutsiyar kyanwa dubu a lokaci ɗaya. Ni da na shirya tsorata mutum, ni na fara zabura. Na yi baya, tsinin takalmin aro ya sarƙe a waya, na ji ƙas, na tafi gaba ɗaya na zauna cikin kwalin wayoyi, gwiwar hannuna ta daki faifan ganga ya yi tasa ƙarar. Jitar dai na ɗaga ta sama kamar jariri, ita ba ta taɓa ƙasa ba.

Anti ta miƙo ƙafa ta taka fedal ɗin, shagon ya yi tsit.

Na leƙo daga cikin kwalin. Likita yana nan yadda yake, hannuwa a gwiwa, ko gezau.

“Akwai wani inji a wurin aikinmu mai irin wannan kukan,” ya ce a hankali. “Amma mu sai mun yi wa mutum allura tukuna.”

Anti ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Ya taso ya karɓi jitar, ya miƙo min hannu ya ciro ni, ya tambaye ni ko na ji ciwo. Na ce a’a, alhali ƙuguna yana kiran sunana. Na cire takalman biyu, na cire rigar fatar na jefar a kan kwalin. Duk haɗarin da na gani a madubi ya koma wata ’yar gajeruwa mai jiƙaƙƙiyar riga da jambaki a haɓa.

“Kin gama?” Anti ta ce. “To yanzu mu yi aiki. Kin ɗora kaushi a kan kaushi, kuma kin tsaya a bakin sifika. Matso gefe.”

Ta sauke amfilifayar har ta yi tas, ta mayar da maɓallan jan tsakiya. Na taka a tsorace. Gaskiya ba laifi, sauti ne mai kauri, mai cika ɗaki, kana bugawa sau ɗaya ya yi ta tafiya. Har na fara jin kaina ya dawo.

“Kina da waƙar da za ki kaɗa wa?”

Na ba ta wayata, ta jona a wata sifika, muryar ƙawata ta fito da ganga a ƙarƙashinta. Waƙa ce mai sanyi, ta wadda ke jiran wanda ya yi tafiya. Na bi ta da jan. Sai na ji jitar ta zama kamar ƙudan zuma a bayan labule, ƙasanta ya haɗiye ganga, samanta yana cizon muryar ƙawata, abin da nake kaɗawa kuwa ni kaina ba na rarrabe shi.

“Taɓa a hankali,” Anti ta ce. Na taɓa. “Yanzu daka.” Na daka. “Kin ji bambanci?”

“Kaɗan.”

“Haka yake. Ba mugu ba ne, akwai kiɗan da shi yake so, bango ake nema a gina da sauti. Amma amfilifayarki tana da ƙasa da sama, tsakiya ne ba ta da shi sosai, shi ma jan nan haka yake. Kun taru kun bar rami a daidai inda kunne ke neman jita.”

Ta cire shi ta jona koren. Maɓallin kaushinsa ta bar shi ƙasa sosai, na ƙararsa ta ɗaga sama, sannan ta ɗan ɗaga amfilifayar zuwa inda idan na daka da ƙarfi take fara gyaran murya. Ta sake kunna waƙar.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Amfilifayar Yaya ce dai, muryarta ce da na sani, amma kamar ta tashi daga barci. Idan na shafa tsirkiyar sai ta fito a wanke. Idan na danna sai ta yi wata dushewa mai ɗumi, ta tsaya a gefen muryar ƙawata ba ta taka ta ba. Anti ta nuna min in rage maɓallin jikin jitar da ɗan yatsa, na rage, kaushin ya janye, na mayar, ya dawo. Shekarun da na yi ina raɗa a falo, ashe wannan ce muryar da ke cikin akwatin. Na manta da Likita, na manta da dabara, na manta ƙafata babu takalmi. Waƙar ta ƙare ban tsaya ba. Sai da na ji idona yana zafi sannan na ɗaga hannu.

Don in ɓoye fuskata, sai bakin aiki ya suɓuce min. Na juya gare shi na ce, “Wannan ya fi, ko na ɗazu?”

Ya ɗan karkata kai kamar da gaske tunani yake.

“Ban san komai a kiɗa ba, Malama. Amma da jan nan, akwatin nake ji. Da wannan kuwa na ji inda kika ji haushi, na ji inda kika huce.” Ya ɗan sunkuyar da kai. “Kuma yau na fara ganin haƙoranki.”

Na rufe baki da sauri. Ashe murmushi nake tun ɗazu.

“Lafiyarsu ƙalau,” ya ce.

Koren na ɗauka. Anti ta sa min shi a kwalinsa, ta ce in gwada shi tare da mai ganga na gaske, idan bai zauna ba in dawo da shi, amma in zo da amfilifayar. Ta hana mu ɗaga akwatin sai da kwalaben suka huce. A wannan jiran na karɓi tabaranta na daidaita ƙafar, don in samu abin da zan yi da hannuna.

Muka kama hanyar dawowa. Ina ta haɗa jawabin ƙin amincewa a raina, na san maganar tasa tana tafe. Matsalar ita ce jawabin da na haddace jiya ya ƙi zama. Duk inda na sa “kai mutumin kirki ne amma,” sai in rasa abin da ke bin amma ɗin.

Kafin mu shiga layinmu ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya ya kashe mota. Na gyara zama, na goge haɓata.

“Malama, maganar da na ce za mu yi.”

“Ina ji.”

“Na san ba kya so.”

Na juyo.

“Tun zuwana na farko na gani. Ni ma ba da ƙafata na fara zuwa ba, mahaifiyata ce ta matsa. Daga baya na ci gaba da zuwa don kaina, ina cewa ko za ki saba. Amma mutum ba ya yi wa wanda yake so magana da babban yatsa har tsawon watanni.” Ya yi ɗan murmushi. “Kuma na san abin da nake ajiye kofin shayi a kansa ba tebur ba ne. Akwai waya a bayansa. Na yi ta jira ki gaya min da kanki.”

Kunya ta rufe ni tun daga kai har tafin ƙafa.

“Abin da na yanke shi ne in janye. Zan ce ni ne na fasa, ba ke ba. Goggonki za ta yi fushi da ni, ba komai, haƙoranta da suka rage ba su da yawa. Ke dai ba wanda zai ɗora miki laifi.”

To ga shi nan. Abin da na sa rigar fata a cikin rana dominsa, abin da na karya takalmin mutane dominsa, an miƙo min shi a faranti, har da ɗaukar laifi. Ya kamata in yi godiya. Maimakon haka, ku yarda da ni, haushi ne ya fara zuwa. Wato ni za a fasa? Ni da na zo kora?

“Haka ya yi miki?” ya ce.

Na kalli kwalin da ke cinyata. Na buɗe baki in ce ya yi. Abin da ya fito shi ne, “Anti ta ce idan bai zauna ba in mayar da shi.”

“Na ji.”

“Da amfilifayar.”

“Na ji wannan ma.”

“Kuma akwai ranar situdiyo. Mijin ƙawata ya rantse.” Muryata ta koma ƙasa kamar ina kiɗa a falo. “Ina nufin, ba sai ka yi saurin gaya musu ba. Saboda motar.”

Ya daɗe yana kallona. Wani abu ya gifta a fuskarsa wanda ban gane ba a lokacin, ya buɗe baki, ya rufe.

“Saboda motar,” ya maimaita.

“Ita kaɗai.”

Ya tayar da mota. Ya hau da akwatin matakalar nan, wannan karon har da nishi, ya ajiye shi a lungunsa. Mama ta fito da lemo a tire, fuskarta na neman labari a tawa fuskar, ta ga takalma a hannuna ta haɗiye tambayarta. Ya ce a yi masa afuwa yana sauri, ya rusuna ya fita, bai kalle ni ba.

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado, na ciro koren ina juya shi a hannu, ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa kyauta. Har na fara tunanin gobe da safe idan saƙonsa ya zo zan amsa da kalmomi, wataƙila har da aya. Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

“Malama, ki yafe min. Na kasa faɗa miki a mota. Na riga na gaya wa mahaifiyata tun da safe, kafin in zo ɗaukarki.”

Na karanta, na sake karantawa. Kafin in gama fahimta na ji wayar Mama tana ringi a falo, na ji ta ɗauka da fara’arta, “Goggon yara, yanzu nake shirin kiranki, ai sun dawo.” Daga nan fara’ar ta yanke. Sai takun silifas ɗinta, yana nufo ƙofata.

Ta tura ƙofar ba sallama, ta miƙo min wayar, muryar Goggo na tashi daga ciki tun kafin ta iso kunnena.

“Karɓi,” Mama ta ce. “Goggonki na son ta ji daga bakinki abin da kika yi wa yaron nan.”

Na miƙa hannun dama na karɓa. A hannun hagu tawa wayar tana haske, kuma a saman saƙonsa, ƙarƙashin sunan da na sa masa, an nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa.

“Auta,” Goggo ta ce a kunnena, “ina sauraronki.”